Rage Ƙara da Jijjigar Mota da Kayan da Ba Su Fi Ƙarfin Aljihu Ba

Shirin na yau ya shafi matsalar da duk mai mota a Kamazou da maƙwabtanta, irin su Sabon Tasha da Mahuta da Janruwa, ya sani da kunnensa, wato ƙarar da ke cika cikin mota har direba da fasinja su riƙa ɗaga murya kafin su ji juna. Kamazou tana ƙaramar hukumar Chikun ne, kudu da kogin Kaduna, kuma akasarin mazaunanta suna shiga gari kullum ta titin Yakowa ko ta titin Kachiya, bayan sun ratsa layukan cikin unguwa waɗanda da yawansu ba su da kwalta, damina kuma takan mayar da su gargada. Yawancin motocin da ke wannan zirga-zirga na hannu ne da suka yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso, don haka shimfiɗar kashe ƙara da kamfani ya sa musu ta riga ta bushe, ta tsattsage, ko ruwa ya cinye ta.

Ƙara tana shiga mota ta hanya biyu, kuma wanda bai rarrabe su ba zai sayi kayan da ba su dace da damuwarsa ba. Ta farko ita ce ta jikin ƙarfe: injin da tayu suna girgiza bodin mota, sai faffaɗan ƙarfe mara kauri, kamar na ƙofa da rufi da but, ya kama rawa yana fitar da amo. Wanda ya taɓa ƙwanƙwasa farantin ƙarfe ya ji yana kuwwa, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kai amon ya mutu nan take, ya riga ya fahimci tushen sana'ar kashe ƙara gaba ɗaya. Ta biyu ita ce ta iska, inda gurnanin salansa da kukan taya da hucin iska ke kutsowa ta duk wata kafa ko siririn bango. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, kuma ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ƙarar ta ninka. Masana lafiyar ma'aikata kuma sun yi ittifaƙi cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa 8 a kullum yana lalata ji a hankali. Ga direban haya da ke wuni a kan sitiyari, maganar ta wuce jin daɗi, ta shafi lafiya.

Kafin a sayi komai, wajibi ne makanike ya duba tushen jijjigar. Idan robobin da injin ke zaune a kansu sun mutu, ko shokozoba ta zube, ko bushin ya cinye, ko tayu ba a daidaita nauyinsu ba, ko salansa ta huje, babu abin da za a manna wa ƙofa ya yi magani, kuma rufe irin wannan ƙarar tamkar toshe kunne ne daga gargaɗi.

Abin da ke yin aikin tafin hannun nan a kan ƙarfe shi ne shimfiɗar roba mai danƙo da ake kira butil, wadda ake haɗa ta da fallen alminiyam a bayanta. An ƙirƙiro robar butil a Amurka a 1937, kuma ita ce dai ake yin tib ɗin taya da ita saboda iska ba ta ratsa ta. Yadda take aiki shi ne, duk lokacin da ƙarfe ya lanƙwasa yana rawa, robar da ke matse tsakaninsa da alminiyam takan miƙe ta koma, sai ƙarfin jijjigar ya rikiɗe ya zama ɗan ɗumin da hannu ma ba ya ji. Akwai sanannun samfura irin su Dynamat da Noico da Kilmat, waɗanda kaurinsu yake wajen milimita 2, kuma da yake daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Sai dai akwai abin da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe da kyau, domin nan rangwamen yake: ba a bukatar lulluɓe ƙofa gaba ɗaya. Manna kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faɗin ƙarfen, a tsakiyarsa inda ya fi yin amo idan an ƙwanƙwasa, yana kawo mafi yawan amfanin da ake nema, abin da ya ƙaru a kan haka kuwa nauyi ne da mota za ta ɗauka tana ƙona masa mai, ga shi tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita abin lissafi ce.

Tsadar butil ce ta sa mutane da yawa suke komawa ga tef ɗin facin kwano da ake sayarwa a shagunan kayan gini da sunan Flashband, domin a ido babu bambanci: baƙin danƙo ne a gaba, alminiyam a baya. Amma yawancin irin wannan na kwalta ne, kwalta kuwa halinta shi ne ta yi laushi idan ta ji zafi. A watannin Maris da Afrilu, ƙarfen motar da aka ajiye a rana yakan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, a nan ne danƙon ke sakin jiki, ya zame daga rufi ko bangon ƙofa, ya toshe hanyar gilashi, ya kuma cika mota da warin da yara da masu asma ba za su iya jurewa ba. Abin da ya yi aiki a ƙasa mai sanyi ba lallai ne ya tsira a bazarar Kaduna ba. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, a manna shi a jikin ƙarfe a tsaye, a bar shi a rana daga hantsi zuwa la'asar. Idan ya yi warin sabon titi, ya baƙanta yatsa, ko ya gangaro daga inda aka sa shi, na kwalta ne. Butil na gaskiya ba ya wari, kuma idan aka ja shi yakan miƙe kamar cingam ba tare da ya narke ba. Wanda tilas ta sa ya yi amfani da na kwalta, ya tsaya a ƙasan but, nesa da salansa, inda babu inda zai zame.

Akwai kuma kayan da kusan kyauta ake samunsu. Tsohon tib daga wurin mai faci, idan aka yayyanka shi aka cusa tsakanin roba da ƙarfe, bayan lambar mota, ko ƙarƙashin jak da safaya, yana kashe ƙananan ƙarar kacau-kacau da suka fi ci wa direba rai. Bargon da ke ƙarƙashin kafet, wanda aikinsa shanye ƙarar da ke yawo a iska, ana samun mai kyau daga motocin da aka kwance a wurin 'yan gwangwan na Panteka ko masu sayar da kayan mota na Oriyapata, kuma masu ɗinkin kujerun mota sun iya shimfiɗa shi. A garin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri tun 1975, hannun da ya san wannan aiki ba ya wuya. Abin da ya kamata a guje masa shi ne soson katifa, domin yana shan ruwa yana riƙewa, damina ɗaya ta isa ya haifar da tsatsa da ɗoyi. Soson da ya dace shi ne mai rufaffun ƙofofin iska, wanda idan aka tsoma shi a ruwa aka matse ba ya fitar da komai. Ƙarar da ke ratsowa ta ƙasa kuwa nauyi ne ke tare ta, don haka tabarmar roba mai kauri da aka shimfiɗa babu giɓi tana taimakawa.

A wajen mannawa, a wanke ƙarfen tas, a goge maiƙo da ƙura, a jira ya bushe, sannan a danne shimfiɗar da ƙarfi har ba sauran iska a ƙarƙashinta, domin inda bai kama ba, ba ya aiki. Kada a toshe ƙananan hujojin da ke gindin ƙofa, waɗanda ruwan sama ke fita ta cikinsu, kada a binne wayoyin lantarki ko na jakar iskar kariya, kada kuma a kai soso ko bargo kusa da injin ko salansa saboda gobara. Mai sauraro da kuɗinsa bai kai na mota duka ba, ya fara da ƙofofin gaba biyu, ya hau titin Yakowa ya saurari bambancin da kunnensa, sannan ya yanke shawarar abin da zai ƙara saya.