Yadda Jijiyoyin Ɗan Tayi Ke Gane Hanya: Jawabi a Taron Ƙungiya

 

Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, amma maganar yau ta shafi 'ya'yanmu. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Tun yaro yana ciki, kowace ƙwaya takan miƙa dogon zare don ta isa inda za ta yi aiki. A 1890 wani masani ɗan Sifen, Ramon y Cajal, ya ga bakin wannan zare yana laluben hanya. To wa ke nuna masa?

Mun san yadda baƙo ke sauka a zango. Ya yi musafaha da mai masauki, nan take ya ji inda kasuwa take. Haka abin yake. A jikin ƙwayar akwai wasu sinadarai masu manne ta da maƙwabciyarta, irin su NCAM da Gerald Edelman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a shekarun 1970, da kuma L1. Riƙon bai tsaya a waje ba. Da sun kama, sai su tashi wani mai karɓar saƙo a fatar ƙwayar, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, ƙwayar ta ƙara gina zarenta ya yi gaba.

Idan L1 ya samu matsala, zaren kan ɓata hanya. A 1992 aka tabbatar cewa wannan na jawo wani nau'in taruwar ruwa a kai, wanda ke kama 'ya'ya maza. Gado ne ta wajen uwa, amma ba laifinta ba ne, ita ma gadarsa ta yi. Ba kuma kowane kumburin kai ne na gado ba. Sanƙarau ma yana kawo shi.

Saboda haka jama'a, in muka ga kan jariri yana girma fiye da kima, kada mu ce iska ce, kada mu ɓoye shi a ɗaki, kada mu tsangwami uwar. Mu garzaya asibiti. Ana sa siririn bututu ya janye ruwan, kuma zuwa da wuri shi ke rage ɓarna. Wanda kuɗi ya gagara, ya zo mu haɗa hannu.

Allah Ya raya mana zuriya.