Wa ke kai yaro lakwal? Uwaye da tsuke bakin aljihu a Anu Araren

Lacca gaban uwayen yara, malamai, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati



Duk wanda ya kwana a Anu Araren ya san cewa wutar lantarkin da ke haskaka Agadas da Arlit daga nan take tashi. An kafa kamfanin Sonichar a shekarar 1975 domin haƙar gawayin ƙasa, tashar wutarsa kuma ta fara aiki a 1981, tana ciyar da kamfanonin uraniyom na Somaïr da Cominak da garuruwan jihar. Amma maganar yau ta shafi wata tambaya wadda ba a cika yi ba a wurin da ake raba kuɗin ƙasa: ta yaya yaron da ke zaune a ruga, ko a garka cikin kwarin Abzin, yake isa aji da safe, kuma wa ake tambaya ranar da za a canza wannan tsari?

A ƙasar Amurka amsar a fili take. Akwai motar makaranta mai ruwan ɗorawa, akwai kuma hukumar ilimi ta gunduma wadda a yawancin wurare jama'a ke zaɓen mambobinta. Idan kuɗi suka kasa har aka so a soke wata hanyar mota, akan tattauna a zaman da ƙofarsa ke buɗe, uwaye su zo su faɗi albarkacin bakinsu. A gundumar Cirozerin kuwa, motar yawancin yara ita ce ƙafarsu, ko jaki, ko kabu-kabu ga mai hali. Abin da ya tsaya a matsayin mota a ƙasar makiyaya shi ne kantin, wato abincin makaranta, da wurin kwana, da gidan mai masauki da ke riƙe ɗalibi idan ya ci jarrabawa ya tafi kwaleji a gari. Tun zamanin Turawa a kan wannan aka gina makarantun makiyaya: uba na iya bin dabbobinsa zuwa inda ciyawa take, ɗansa kuma ya zauna kusa da allo domin an ɗauke masa nauyin ci da kwana. Ranar da tukunyar kantin ta huce, ranar ce motar ta tsaya.

Tarihi ya nuna yadda abin ke faruwa. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya, kuma ilimi na cikin inda aka nemi yin tsimi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai a kan matakan da suka shafi karatunsu, aka buɗe masu wuta a gadar Kenedi, aƙalla uku suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991. Sai ga karya darajar sefa a watan Janairu 1994: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20, littafi da alli da man mota duk suka yi tsada. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki. Ɗalibai na da ƙungiyarsu, malamai na da sandika, kowa ya sami bakin magana. Uban yaro na ƙauye shi kaɗai ne ya ji labari bayan an gama.

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda aka sani da LOSEN, ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati, hukumomin garuruwa da iyalai. Daga nan aka fito da kwamitocin kula da makarantu, COGES, a farkon shekarun 2000, waɗanda daga baya aka sauya masu suna zuwa CGDES. A cikinsu akwai wakilan uwaye maza da mata, da darekta, da wakilin malamai. Shirin hukumar JICA ta Japan da ya soma a jihar Tawa a 2004 ya kawo abu biyu masu amfani: zaɓen wakilai ta ƙuri'ar asiri, da tsara aikin shekara a gaban taron gari. Uwaye kuwa sun yi rawar gani. Su ne ke kafa azuzuwan zana kowace shekara bayan damina, su ɗebo ruwa, su tara kuɗin alli.

Sai dai akwai darasin da bai kamata a ɓoye ba. Wasu masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin wani gwaji da aka yi a shekarar karatu ta 2007-2008 a jihohin Tawa da Damagaram, inda cikin makarantu 1000 aka ba kwamitocin 500 tallafin kuɗi a hannu. Uwaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Ma'anar wannan ita ce, niyya kaɗai ba ta isa. Uban da bai yi boko ba yana iya gina aji, amma da wuya ya tsare ma'aikacin gwamnati da tambaya, balle ya karanta takardar kasafin kuɗi. An ba shi kaya, ba a ba shi gammo ba.

Zamanin tsimi kuma bai wuce ba. Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, wato Sonichar ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarta, iyalai da dama na jihar kuma suka rasa albashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gwamnati ta rage kasafin kuɗin wannan shekara da kashi 40 cikin 100, daga miliyar 3291 zuwa miliyar 1981. Idan aka yi irin wannan yanka, albashi na da masu kare shi. Abin da ya fi sauƙin taɓawa shi ne buhun gero na kantin, da man motar mai duba makarantu, da tallafin ɗalibin da ke zaune nesa da gida. Kuma wadda ke fara barin aji ita ce yarinya, domin uwaye ba su yarda su aika ɗiya budurwa gidan da ba su sani ba. Don haka ne ma aka buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle, cikin jihar Damagaram, a 2021.

To, mene ne abin yi? Abu huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gari.

Na farko, ƙidaya. Kowane kwamiti ya rubuta sunayen yaran da ke zuwa daga nesa, da tsawon tafiyarsu, da inda suke ci da kwana. Wanda ya je gaban hukuma da takarda ya fi wanda ya je da kuka.

Na biyu, lissafi a bainar jama'a. Kafin komawa karatu a watan Oktoba, a karanta wa taron uwaye abin da ya shigo da abin da ya fita, da Tamajak da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba.

Na uku, a bi sawun kuɗin ma'adinai. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga haƙar ma'adinai domin garuruwan jihar da aka haƙo su. Tun 2016 kuma aka miƙa wa hukumomin garuruwa wani sashe na kula da makarantun firamare. Uwaye na da haƙƙin tambayar nawa ya iso, nawa aka kai makaranta. Rusa majalisun garuruwa da aka yi a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu, ya ƙara wa wannan tambaya nauyi, domin babu kansilan da zai yi ta a madadin kowa.

Na huɗu, a yi shawara kafin yanka. Idan dole ne a rufe kantin, ko a haɗe makarantu biyu, ko a mayar da ɗalibai wata kwaleji, a sanar da uwaye tun da sauran lokaci, a ji ta bakinsu a kan abin da za a taɓa da abin da za a bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne ƴan kasuwa da ma'aikata ke da rawar takawa. Ɗan kasuwa ya san littafin shiga da fita, yana kuma da motar da ke bin hanyar Agadas zuwa Arlit. Ma'aikaci ya san ƙofar ofishi da harshen takarda. Da yawansu ɗiyansu na makarantun kuɗi a birni, shi ya sa kujerunsu a taron uwaye ke zama babu kowa. Amma da yawansu kuma tukunyar kantin da gidan mai masauki ne suka kai su inda suke a yau. Awa biyu a wata, a zauna kusa da makiyayi a karanta masa lissafi, ba su kai nauyin wannan bashi ba.

A harshen Tamajak, anu na nufin rijiya. Makiyayi kuwa ya san cewa rijiyar da babu mai leƙa ta, rairayi ne ke cike ta.

Allah ya sa a dace.