Rediyon da ya fara da kiɗa

An ce in yi magana kan kafofin watsa labarai da rikicin ƙabilanci. To, ku biyo ni mu je Ruwanda, don abin da ya faru a can ya fi duk wani bayani da zan yi muku.

A watan Yuli na 1993 aka buɗe wani gidan rediyo a Kigali, ana ce masa RTLM. Rediyon gwamnati na lokacin irin wanda kuka sani ne, daga sanarwa sai jawabin manya. Shi kuwa sabon sai ya zo da kiɗan Zayar mai zafi, da barkwanci, da hira kamar ta fada idan an ɗora shayi. Matasa suka rungume shi. A cikin dariyar nan ne ma'aikatansa, irin su Kantano Habimana, suka riƙa kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai. Yau a faɗa, gobe a faɗa, har kunne ya saba.

Ranar 6 ga Afirilu 1994 aka harbo jirgin shugaba Habyarimana. Daga nan rediyon ya koma karanta sunayen mutane, da inda suka ɓuya, da lambobin motocinsu, yana cewa a fito a yi "aiki". Kowa ya san aikin da ake nufi. Cikin kwana ɗari an kashe mutum kusan 800,000, akasarinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi yarda. Daga baya wani mai bincike, David Yanagizawa-Drott, ya kwatanta garuruwan da rediyon ke kamawa sosai da waɗanda duwatsu suka tare. Inda ya fi kamawa, nan aka fi samun masu shiga kisan. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta hukunta Ferdinand Nahimana, malamin tarihi ne a jami'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan. Baki shi ke yanka wuya, a can an gani da ido.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, RTLM ya yi wata tara yana sayen amincewar jama'a kafin ya yi amfani da ita. Mutum ba ya ɗaukar adda don baƙo ya ce ya ɗauka. Muryar da ya saba da ita, wadda ta sha ba shi dariya, ita yake bi.

Yanzu mu tsallaka Burundi, maƙwabciyar Ruwanda. Hutu da Tutsi ne a can ma, kuma ana cikin yaƙi. A 1995 aka buɗe Studio Ijambo a Bujumbura. Dabararsu ba ta da wuya: ɗan jarida Hutu da ɗan jarida Tutsi su fita tare, wannan ya shiga unguwar da wancan ba zai iya shiga ba, su dawo su haɗa rahoto ɗaya. Suka yi shiri kan mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu na ɗaya ƙabilar, don a ji cewa akwai irinsu. Ba su tsayar da yaƙin su kaɗai ba, sai bayan shekaru ya lafa. Amma sun ba mutane wurin jin labari wanda kowane ɓangare zai iya yarda da shi.

Wani zai ce mu a Nijar Allah ya tsare mu, muna da wasan taubasai, Bagobiri da Bazabarme su tsokani juna a rabu ana dariya. Gaskiya ne, Alhamdu lillahi. Amma ku tambayi dattawan Maradi labarin Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Lokacin babu salula, babu WhatsApp. Yau kowannenmu da gidan rediyo a aljihunsa, saƙon murya ɗaya ya tashi daga Zinder da safe, kafin azahar ya kai Tahoua.

Don haka ga roƙona. Idan saƙo ya zo, ku saurari yadda ya kira mai laifi. In an ce wane ya yi ɓarna a gonar wane, labari ne, akwai mai gari, akwai jandarma, akwai kotu. In aka ɗora laifin a kan ƙabila gaba ɗaya, ko aka kwatanta ta da dabba ko ƙwaro, ko da cikin wasa ne, to ku tsaya. Kar ku tura, ko da daga abokinku ya fito, ko wanda kuke ganin girmansa. Ku tambaye shi a gurup ɗin, gaban kowa: wa ya gani, a wane gari, yaushe? Masu riƙe da gurup, wannan nauyin ku ya fi hawa. Ƴan uwanmu na gidajen rediyon karkara kuma, in rikici ya tashi a ji daga bakin manomi da makiyayi a shiri ɗaya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.