Gidan da Zai Kai Shekara Ɗari: Jawabi a kan Gini da Tsarin Gari a Ƙasar Tasawa da Mayahi

 

Sarautar da ta cika shekara ɗari ta ga gine-gine da yawa sun tashi, ta ga da yawa sun faɗi. Shi ya sa ya dace a wannan biki a yi tambaya guda: wane irin gida da wane irin gari za a bar wa waɗanda za su yi bikin shekara ɗari biyu? Tambayar ta shafi sarki da talaka baki ɗaya, domin ruwan da ya ci katangar fada shi ne ke cin ta mai sayar da kaba a kasuwa.

A watan Janairu na 1851 wani matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya sauka a Tasawa bayan ya ƙetare hamada. Abin da ya rubuta ya nuna garin ya burge shi ƙwarai. Ya ga gidaje masu shinge da tsakar gida mai faɗi, da rumfunan hutawa, da itatuwa masu yalwar inuwa a kan gidajen. Mutanen wancan zamani ba su da siminti, ba su da kwano. Suna da ƙasa, da kara, da ciyawa, da kaba, da icce, sun kuma san inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya.

Tun daga lokacin sama ta sauya hali. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin kakanninsu, sun kuma ga farin 1973 da na 1984 da idanunsu. A waɗannan shekaru itatuwa suka mutu, rairayi ya rufe gonaki, aka saba da kukan ƙarancin ruwa. Daga baya damina ta fara dawowa, amma da wata siffa dabam. A ƙasar da ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 500, yanzu ana iya samun babban kaso daga cikinsa a dare guda, sannan a yi mako biyu ko uku babu ɗigo. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma masu binciken sun danganta haka da ƙaruwar zafin hamadar Sahara.

Daminar 2024 ta tabbatar da maganarsu. Bisa ƙididdigar hukuma, kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, wajen mutum miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Yawancin mamatan, gidaje ne suka faɗo musu ko ruwa ya tafi da su. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Aka jinkirta komawa lakkal zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma an sauke waɗanda suka rasa muhalli a cikinsu.

Da yawa sun ce laifin ginin ƙasa ne, suka ɗauka magani shi ne kowa ya koma bulo da kwano. Kafin a yarda da wannan hukunci, ya kamata a duba yadda ginin ƙasa yake faɗuwa. Ruwa yana cinsa ta ƙafa, yana kuma cinsa ta ka. Ta ƙafa, idan an yi gini a kwari, ko bakin tabki, ko a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, ƙasar ta jiƙe ta saki, nauyin soro ya ƙarasa aikin. Ta ka, idan indararo ya toshe ko rufi ya tsage, ruwa ya shiga jikin azara ya ruɓar da ita. A da, kowace shekara kafin damina ana yaɓe, ana gyara rufi, ana share indararo, sau da yawa ta hanyar gayya. Yau samarin da ke wannan aiki suna wajen bida a Kano, ko Agadas, ko Libiya, ba su komowa sai shuka ta kama. Wasu kuma sukan shafa siminti a kan bangon ƙasa da nufin kare shi. Siminti da ƙasa ba su kama juna, sai ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Gaskiyar masu iya magana: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bulo da kwano suna da amfaninsu, babu mai musu, amma suna da tsada iri biyu. Akwai ta aljihu, domin siminti daga Malbaza ko daga Nijeriya yake zuwa, kwano da ƙarfe su ma daga nesa, kuɗin ginin ya fita daga gari ke nan. Akwai kuma ta jiki. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano marar silin yakan zama tanda, jariri da tsoho da majinyaci su ne suka fi shan wahala. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafin rana sa'o'i masu yawa kafin ya shiga ɗaki, a lokacin hunturu kuma yana riƙe ɗumi da dare. A duniya ma ana lissafin cewa sarrafa siminti yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da ke ɗumama yanayi.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin sirrin ƙasa. Sun san yadda ake kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a murza tubali. Sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, duka domin hana ruwa shiga bango. Sun san bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke ɗauke da rufin babban zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ilimin bai tsaya a tarihi ba. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara ƴar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da na'ura, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, kuma maginan yankin ne suka yi aikin. Irin wannan tubali siminti kaɗan yake buƙata, ya fi na hannu jure ruwa, ana kuma buga shi da jar ƙasar da ke kusa.

Saura maganar icce, wadda ita ce babbar damuwar mai gini a wannan yanki. Azarar giginya ta zama ta masu hali. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, ya sami sunansa daga kabar goriba, wadda ke ba mata abin saƙa tabarma da igiya, amma sara da yawan yankan kaba sun hana ƙananan goriba da yawa girma su zama bishiya. Idan kowane sabon ɗaki zai ci bishiya, gulbin ba zai iya ɗaukar nauyin jama'ar yau ba. A ƙidayar 2012 gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin.

Akwai hanyoyi biyu da aka gwada a cikin Nijar, suka kuma yi aiki. Ta farko ita ce gini ba icce. An fara shi a 1980 a Shikal, ƙasar Filinge, tare da ƙungiyar Development Workshop, bisa dabarar mutanen Nuba na kudancin Masar. Ana ɗora rufi mai siffar ƙubba ko baka da tubalin ƙasa zalla, babu azara, babu katako. An horar da ɗaruruwan magina a Nijar da Mali da Burkina Faso. Sharaɗinsa shi ne magini ya ƙware, bango ya yi kauri, indararo ya yi tsawo, domin ƙubbar da aka yi da ganganci ta fi soron azara haɗari.

Hanya ta biyu a wannan jiha aka haife ta. A 1983 wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama bishiya. Manoma suka karɓi dabarar, suka sa mata suna sassaben zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agiye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Ana ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa. Gawo da ƙalgo da sabara sun dawo gona. Abin da ya rage shi ne inuwa ta dawo cikin gari, a bakin hanya, da kasuwa, da filin lakkal, da gidan likita.

Gida mai kyau a mugun wuri ba ya tsira, a nan ne kuma maganar ta zo ƙofar fada. A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, dole aka tashe shi aka mai da shi kan tudu, inda yake har yau. Darasin yana nan ga kowane gari daga Korgom zuwa Urafan, daga Mai Jirgi zuwa Kanan Bakashe: ruwa yakan daɗe bai bi hanyarsa ba, amma ranar da ya tashi ta nan zai bi. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya ba sarakuna wuri a cikin kwamitocin kula da filaye, kuma shaidar mai gari tana da nauyi a kowane cinikin fili. Saboda haka ake miƙa waɗannan roƙo ga mai martaba da majalisarsa.

Na ɗaya, a tara dattawan kowace unguwa su nuna hanyoyin ruwa da wuraren da yake kwanciya, a rubuta, a kafa alama, kada mai gari ya shaidi sayar da su domin gini. Tabkuna da kududdufai su ne randunan gari. Idan aka cike su, ruwan zai nemi ɗakin wani.

Na biyu, duk sabon gini, ko na talaka ne, a ɗaga gindinsa da dutse ko bulo ya haura inda ruwa ke kaiwa, sannan a ci gaba da ƙasa. Buhun siminti kaɗan a gindi ya fi buhu ashirin a fuska.

Na uku, a farfaɗo da martabar Sarkin Magina, a haɗa shi da matasan da suka yi karatun gini, a koya wa samari sana'ar da za ta riƙe su a gida da rani. A sa ranar gayyar yaɓe da sharar magudanai kafin ruwan farko, a fara da gidajen gwauraye mata da tsofaffi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a dubi azuzuwan zana. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Aji na ƙasa mai kyakkyawan gindi da tagogi masu fuskantar juna yana cikin abin da unguwa za ta iya ginawa da hannunta, idan hukuma ta taimaka da gwani da kayan gindi.

Na biyar, a duk sabon rabon filaye a ware filin taro, da wurin rijiya nesa da masai, a bar burtali a buɗe domin dabbobi su wuce ba tare da rigima ba, a kuma ɗora wa kowane mai fili shuka bishiya biyu a ƙofar gidansa da rainonsu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran taimako daga ƙetare kafin a soma shi. Suna buƙatar umarnin sarki, da shaidar mai gari ta gaskiya, da haƙurin jama'a, kuma lokacin somawa shi ne wannan rani, tun hadari bai taso daga gabas ba.

Allah ya ƙara wa sarki lafiya da tsawon rai, ya ba da damina mai albarka marar ɓarna, ya zaunar da ƙasar Tasawa da Mayahi da Nijar baki ɗaya lafiya.