Dusar da Muke Ba Awaki, Ita Muke Saye a Gwangwani

Mai girma shugaban taro, malamanmu, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana 'yan kasuwa na Wuse, Garki, Utako da Dei-Dei, da uwayenmu mata, barkanmu da haɗuwa.

Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne kamarku. To amma abin da ya sa na nemi a ba ni waɗannan 'yan mintoci shi ne, bara likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, suga ma na leƙowa, ya ce, "Alhaji, sai ka rage teɓa." Jin haka, sai na garzaya kantin magani na sayo wani gari a gwangwani, wai yana kashe yunwa yana rage ƙiba. Kuɗinsa kuwa sai da na ji a jikina. Da na kai gida na sa yarona ya karanta mini abin da ke ciki, wallahi jama'a, sai ga shi ƙaro ne! Ƙaron nan na Jigawa da Yobe da Borno, wanda muke zubawa a tawada tun muna makarantar allo.

Da na koma wajen likita, ga yadda ya fahimtar da ni. Akwai wani ɓangare na abinci da ake kira harza, irin abin da ke cikin dusa da ɓawon wake da ganye. Ciki ba ya narkar da shi, sai ya wuce har babban hanji. A can akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cin sa, su fitar da sinadaran da ke taimakawa wajen gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Wata harzar kuma takan sha ruwa ta yi kauri, abinci ya daɗe a ciki. Ke nan maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai ƙibar da garin yake ragewa 'yar kaɗan ce. Wanda ya sha shi ya bi da farar shinkafa malmala biyu da lemon kwalba, ya yi asarar kuɗinsa.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa samun aƙalla giram 25 na harza kullum daga abinci, tare da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Tun 2008 ma Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta. Mu fa? Tun da aka dawo da gwamnati garin nan a 1991 muka kwararo neman halali, muka bar fura da fate da dambu a gida, muka rungumi burodi da taliya. A surfe hatsi, a tankaɗe, a ba awaki dusa. Ga zaman shago daga safe har magariba, ga mota.

Shawarata huɗu ce. Na farko, a dawo da wake, gero, dawa, acca, zogale, rama, kuɓewa da aya cikin cefane, a rage surfe. Na biyu, wanda zai sha garin nan ya fara kaɗan-kaɗan da ruwa mai yawa, don yana kawo kumburin ciki da iska. Na uku, a duba lambar NAFDAC, amma a sani lamba ba ta nufin duk alkawarin da mai talla ya yi gaskiya ne. Na huɗu, kuma shi ne babba: mai ciwon suga ko hawan jini kada ya kuskura ya ajiye maganin asibiti saboda wani gwangwani, mai juna biyu kuma ta tambayi likita tukuna.

Malamanmu ga su nan zaune, sun sha karantar da mu hadisin da ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Ni dai shi na koma wa, na haɗa da kunun gero da tattaki zuwa masallaci, kuma alhamdu lillahi awon ya fara sauka.

Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.