Daga Aji Zuwa Bakin Aiki: Shirin Ɗaliban Kwalejojin Haziƙai a Amurka



Gabatarwa

Kowace shekara jami'o'i sukan yaye dubban matasa, a sa musu riguna da huluna, a miƙa musu takardu, dangi su yi ta murna. Kashegari kuwa sai wata tambaya ta taso wadda ba a yi ta a ɗakin jarrabawa ba, watau, me wannan matashi ya iya wanda zai sa wani ya ɗauke shi aiki? Tambayar tana damun ɗalibin da ke jiran fita. Tana kuma damun ma'aikacin hukuma wanda aka ɗora wa nauyin zaɓen mutum ɗaya daga cikin masu neman aiki ɗari, alhali kuwa dukansu takarda iri ɗaya suke riƙe da ita.

Wannan lacca za ta duba yadda wani rukuni na ɗalibai a Amurka yake shirin amsa tambayar tun yana makaranta. Su ne ɗaliban abin da za a iya kira kwalejojin haziƙai. Kwalejin haziƙai wani sashe ne da babbar jami'a takan keɓe a cikinta, da shugabansa, sau da yawa har da ɗakunan kwanansa, ta tara ɗaliban da suka yi fice, ta ɗora musu aikin da ya fi na sauran nauyi. Ɗalibi yana nan a fanninsa, ko injiniya ne ko tarihi, amma akwai ƙarin darussa da ƙarin bincike a kansa. Abin da za a nuna shi ne, lambar yabon da ake rubuta musu a takarda ita ce mafi ƙanƙanta cikin guzurin da suke fita da shi. Babban guzurinsu shi ne aikin da suka riga suka yi, da mutanen da suka ga lokacin da aka yi shi.

Asalin tsarin

Wanda ya kafa tushen wannan tsari shi ne Frank Aydelotte, Ba'amurke wanda ya yi karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila da tallafin Rhodes. A can ya ga yadda ɗalibi kan zauna da malaminsa kowane mako, ya karanta masa abin da ya rubuta, malamin ya yi ta tuhumarsa har sai ya kare kansa ko ya gyara. Da aka naɗa shi shugaban Kwalejin Swarthmore, kusa da birnin Philadelphia, cikin shekarar 1921, kukansa shi ne makarantun ƙasarsa suna tafiyar da ɗalibai kamar soja a fareti, mai sauri da mai nawa duk taku ɗaya. Saboda haka cikin 1922 ya buɗe wani shiri wanda ɗalibi zai shiga a shekarunsa biyu na ƙarshe, ya riƙa zaman muhawara da 'yan'uwansa kaɗan, sa'an nan a ƙarshe a kawo malamai daga wasu jami'o'i su jarraba shi a rubuce da baki. Har yanzu Swarthmore tana kawo masu jarrabawa daga waje.

Abin bai bazu sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Cikin Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi, suka shiga tambayar kansu ina haziƙansu. A wannan shekarar aka kafa wani kwamiti na jami'o'i a kan ɗalibai masu hazaƙa a ƙarƙashin Joseph Cohen na Jami'ar Colorado, kuma cikin 1966 majalisar ƙasa ta irin waɗannan shirye-shirye ta gaje shi. Jami'ar Oregon ta buɗe kwalejinta ta haziƙai cikin 1960, ta South Carolina cikin 1978, ta Jihar Arizona cikin 1988. Daga baya attajirai suka shigo. William Schreyer da maiɗakinsa sun ba Jami'ar Jihar Pennsylvania dala miliyan 30 cikin 1997, Craig Barrett na kamfanin Intel da maiɗakinsa suka ba ta Arizona dala miliyan 10 cikin 2000, aka sa wa kwalejojin sunayensu. Abin lura a nan shi ne, akasarin kwalejojin nan a jami'o'in gwamnatin jiha suke, inda ɗalibai suka yi yawa har malami ba ya iya sanin sunayensu.

Shiri na farko: ƙaramin aji

A babbar jami'a ɗalibin shekarar farko yakan zauna a zaure tare da mutum ɗari uku, ya rubuta abin da ya ji, ya tashi. A kwalejin haziƙai ajin galibi ba ya wuce mutum ashirin. Ana zama ne a kewaye da tebur, kowa ya karanto littafin da aka ba shi, kuma ba wurin ɓuya. Wanda ya yi shekara huɗu a haka ya saba da abubuwa uku: ya faɗi ra'ayinsa a taƙaice, ya saurari suka ba tare da fushi ba, ya kuma rubuta shafi biyu da wani zai karanta ya gane. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san waɗannan su ne aikin. Takardar da ake shigarwa majalisar zartarwa, da bayanin da ƙaramin ma'aikaci yake rubuta wa na gaba da shi a cikin fayil, ba su buƙatar wani abu da ya wuce wannan.

Shiri na biyu: kundi

Kwalejojin Arizona da Pennsylvania, da wasu da dama, ba su ba ɗalibi lambar yabo sai ya rubuta kundi. Shi zai nemo tambayar da zai bincika, ya nemo malamin da zai yarda ya duba shi, ya yi shekara ko fiye yana aikin, kuma a wurare da yawa sai ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Ɗalibin injiniya yana iya ƙera na'ura, na kiɗa ya tsara waƙa, na tattalin arziki ya bi diddigin kasafin kuɗin wata ƙaramar hukuma.

Amfanin kundi wajen neman aiki a fili yake. Jarrabawa tana nuna abin da mutum ya riƙe a ka cikin awa uku. Kundi kuwa yana nuna ko mutum zai iya ɗaukar aikin da ba wanda ya san amsarsa, ya tsara lokacinsa, ya jure sa'ad da abin ya cije, ya kai shi ƙarshe. Idan aka kira shi ganawa, yana da abin da ya fi kowa a ɗakin saninsa. Wani lokaci ma kundin ne yake zama aikin. Cikin 1989 wata ɗaliba a Jami'ar Princeton, inda kundi yake wajibi a kan kusan kowa, mai suna Wendy Kopp, ta rubuta nata a kan kafa rundunar matasa masu digiri da za su koyar shekara biyu a makarantun talakawa. Cikin 1990 ta kafa ƙungiyar Teach For America, ta tura ɗaruruwan malamai aji a shekarar farko.

Shiri na uku: sanin makamar aiki

Hutun bazara a jami'o'in Amurka yakan kai wata uku, kuma ɗalibin da ya san abin da yake yi ba ya ɓarnatar da shi. Wanda yake son kamfani ko ma'aikatar gwamnati yakan nemi gurbin sanin makamar aiki. Wannan al'ada tana da tarihi. Cikin 1906 Herman Schneider na Jami'ar Cincinnati ya soma da ɗaliban injiniya 27, suna karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta, domin ya lura cewa injiniyoyin da suka taɓa aiki kafin su gama karatu sun fi kama hannu. Wanda kuma yake son zama masanin kimiyya, akwai shirin da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta soma cikin 1987, inda ɗalibi yakan yi kamar mako goma a ɗakin binciken wata jami'a, ana biyansa.

Amfanin wannan iri biyu ne. Na ɗaya, kamfanoni da yawa daga cikin waɗanda suka yi musu aikin bazara suke zaɓen sababbin ma'aikata, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ɗalibi yakan gano aikin da ba ya so. A Amurka likitanci da lauyanci sai bayan digiri na farko ake shigarsu, shekara huɗu ga likita, uku ga lauya, da kuɗi masu yawa. Wanda ya yi wata biyu a asibiti ya ga ransa ba ya ɗaukar jini, ya tsira da shekarunsa da dukiyar iyayensa.

Shiri na huɗu: mai shaida

Kusan duk ƙofar da ɗalibin nan zai ƙwanƙwasa, za a nemi wasiƙar shaida daga malamansa. Haka abin yake a makarantun gaba da digiri, haka kuma a gasar manyan tallafin karatu: na Rhodes, wanda Amurkawa 32 suke samu kowace shekara, na Fulbright, da aka kafa cikin 1946, na Marshall, cikin 1953, na Truman, cikin 1975, domin masu niyyar aikin hukuma, da na Goldwater, cikin 1986, domin masu kimiyya da lissafi da injiniya. Jami'o'i da yawa suna da ofishi na musamman, sau da yawa a cikin kwalejin haziƙai, wanda yake sa ɗalibi ya sake rubuta takardar nemansa sau da dama, ya kuma haɗa masa ganawar gwaji. Ko bai ci gasar ba, ya fito ya san abin da yake so ya yi da rayuwarsa, ya kuma iya faɗarsa.

Malamin da ya ga ɗalibi a cikin mutum ɗari uku, iyakar abin da zai rubuta shi ne yaro ne mai ladabi, ya ci jarrabawa. Wanda ya duba kundinsa shekara guda kuwa zai faɗi ranar da gwaji ya lalace da abin da yaron ya yi a kai. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa bincike cikin 1974 a kan ma'aikata a garin Newton na Jihar Massachusetts, ya samu fiye da rabinsu ta hanyar wani mutum suka sami aikinsu, kuma galibi wanda ba su cika haɗuwa da shi ba. Kada a ɗauki wannan daidai da samun uwa a gindin murhu. Mai yi wa mutum hanya saboda dangantaka bai damu da iyawarsa ba. Mai shaida kuwa sunansa ya jingina, in yaron ya kasa, ba za a sake yarda da wasiƙarsa ba.

Inda tsarin yake da rauni

Ba a rasa masu sukar wannan tsari ba, kuma sukarsu tana da tushe. Na farko, jami'ar gwamnati da kuɗin kowa ake tafiyar da ita, amma ga shi ta ware ƙananan azuzuwa da kulawar malamai ga 'yan kaɗan, waɗanda da yawansu dama daga gidajen masu hali da makarantu masu kyau suka fito. Na biyu, wasu guraben sanin makamar aiki ba a biya, saboda haka ɗan talaka wanda dole ya nemi kuɗin makaranta a lokacin hutu ba ya iya karɓarsu. Fadar shugaban Amurka kanta sai cikin 2022 ta soma biyan masu irin wannan aiki. Na uku, ana gindaya wa ɗalibi matsakaicin makin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, wannan kuwa yakan sa wasu su guje wa darasi mai wuya don tsoron faɗuwa. Wanda bai taɓa faɗuwa ba a makaranta, ranar da aka mayar masa da takardar neman aiki yakan rasa inda zai sa kansa.

Kammalawa

Wannan tsari ba baƙo ba ne ƙwarai a Nijeriya, domin daga rijiya ɗaya aka ɗebo. Digiri mai daraja-daraja da mai jarrabawa daga waje sun zo ne daga Ingila tun sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Kundin shekarar ƙarshe yana nan. Shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, wanda asusun ITF ya soma cikin 1973, yana nan, haka kuma shekarar yi wa ƙasa hidima da aka kafa a wannan shekarar. Watau kayan aikin duk akwai su. Bambancin yana wajen yadda ake riƙonsu. Ɗalibin da ya kwafi kundin wani, ko ya kai littafin SIWES aka sa masa hannu bai taɓa zuwa wurin ba, ya zubar da abin da takwaransa na Arizona yake gina rayuwarsa a kai.

Saboda haka ɗalibi ya tambayi kansa tun yana aji biyu: wane aiki ne zai iya ajiyewa a kan tebur ya ce shi ya yi, kuma wane malami ne ya san shi har zai iya rubuta shafi guda a kansa ba tare da ƙarya ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin hukuma kuma, in ɗalibi ya zo ofishinsa sanin makamar aiki, ya ba shi fayil na gaske maimakon aiken sayen abinci. In ya zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata, bayan ya duba darajar digiri, ya ce wa mai nema ya ba da labarin kundinsa cikin minti biyar. A nan ne zai rarrabe wanda ya yi karatu da wanda ya bi ta cikin jami'a kawai.