Tsoratar Da Mai Zaɓe Laifi Ne A Dokar Ƙasa

An ce in ɗan yi bayani a kan dokar zaɓe, ga shi ni ba lauya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne kawai, don haka a yi mini afuwa.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sashe na 128 duk wanda ya yi wa mai zaɓe barazana, ko ya yi amfani da yaudara ya hana shi jefa ƙuri'arsa, to hukuncinsa tarar naira miliyan 1 ne ko ɗaurin shekara 3.

Kalmar yaudara ɗin nan ita ta fi damuna. Mu a nan Kaduna ba sai an fito da adda ba. Tun rikicin shekarar 2000 mutane da yawa suka ƙaura, wasu suka tsallako kudancin kogi, wasu suka koma arewa, sannan tarzomar bayan zaɓen 2011 ta ƙara dasa tsoro a zukata. Akwai wata maƙwabciyata a Kakuri, dattijuwa, wadda rumfarta take Tudun Wada. Ta yi shirin kwana can wajen ƙanwarta a jajibirin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sai aka turo mata saƙon murya ta WhatsApp wai 'yan daba sun tare gada. Ta ajiye jakarta ta zauna. Ba abin da ya faru a gadar, amma ƙuri'arta ta salwanta, kuma wanda ya turo mata saƙon ɗanta ne na cikinta, shi ma turo masa aka yi.

To, wa za a kama? A nan dokar ta yi rauni. Hukumar INEC aka ɗora wa gurfanar da masu laifi, alhali aikin zaɓen kansa ya sha mata kai. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman don laifuffukan zaɓe, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba.

Roƙona ga wannan ƙungiya ɗaya ne. Muna da 'yan ajinmu a Barnawa da Sabon Tasha, muna da su a Kawo da Rigasa. In irin wannan saƙo ya shigo zaurenmu, kafin kowa ya tura shi gaba, a buga wa na can waya ya leƙa ya gani da idonsa.